Yadda ake auna nasara a sana'a

Idan aka tambayi mutane a bakin kasuwa wane ne ya ci nasara a sana'arsa, yawancinsu za su nuna mai gidan siminti, ko mai sabon babur, ko wanda ya sauke farali a Makka. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, kuma babu laifi a neme su ta hanyar halal. To amma kai da kake noma, ko kiwo, ko ɗinki, ko ƙira, da ke da kike tatsar man gyaɗa ko tuya ƙosai, da wane ma'auni za ku san kuna ci gaba?

Tambayar tana da nauyi, domin ma'aunin da mutum ya riƙe shi ke nuna masa inda zai zuba ƙarfinsa. Wanda ya riƙe ma'aunin da bai dace ba yana iya watsar da sana'ar da ta kusa yi masa rana. Yana iya cin bashi don a gan shi. Yana iya sayar da gonar gado ya kama hanyar hamada. Wannan darasi zai nuna maka ma'aunin da ke hannunka kullum, wato ƙaruwar da kai kanka kake yi cikin aikinka: a hannunka, a kanka, a halinka, da kuma a mutanen da suka amfana da kai.

Me ya sa kuɗi kaɗai ba su isa ma'auni ba?

Kuɗi suna da ƙofofi da yawa na shiga da fita, kuma ba dukkan ƙofofin ne mabuɗinsu ke hannunka ba. Tarihin ƙasarmu ya isa shaida.

A ranar 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, daga ranar ya koma sefa 100. Magani, takin zamani da kayan gyaran mota da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Wanda ya tara kuɗi ya wayi gari kuɗinsa ba sa sayen abin da suke saye a da.

A shekarar 2004 ruwan damana ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. A 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai, farashin dabbobi ya faɗi. Makiyaya da yawa suka sayar da dabbobinsu da arha don su sayi abinci.

A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai a Disamba 2020. An sake rufe iyakar a 2023, aka buɗe a 2024. Ƴan kasuwar Maraɗi, Ƙonni da Damagaram sun san abin da wannan ya yi wa cinikinsu.

A cikin waɗannan shekaru mutane masu ƙwazo sun yi asara ba tare da laifinsu ba. Amma telan da ya iya yanka bai manta yanka ba. Makiyayin da ya san ciwon dabba tun kafin ta kwanta bai rasa saninsa ba. Ɗan kasuwar da aka san shi da amana ya samu wanda zai ba shi kaya bashi ya sake tashi. Abin da ke aljihu yana iya zubewa a rana ɗaya. Abin da ya zauna a ka da hannu yana tare da mai shi.

Akwai wani dalili kuma. Mutane ba sa farawa daga wuri ɗaya. Wani ya gaji fadama, wani ya gaji tudu mai rairayi. Wani yana da ɗan'uwa a waje mai aiko masa, wani shi ake jira ya aiko. Idan ka auna kanka da dukiyar maƙwabcinka, ka auna abu biyu da ba tiyarsu ɗaya ba. Wanda ya dace ka gwada kanka da shi, shi ne kai na bara.

Kada ka ɗauka ana cewa riba ba kome ba ce. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita da iyalinsa tana bukatar gyara. Riba alama ce mai kyau idan aka dube ta cikin shekaru da yawa. Sai dai ita ƴaƴan itace ce, wata shekara a samu da yawa, wata shekara kaɗan. Ƙaruwar mutum ita ce saiwar.

Ma'auni na farko: gwanintar hannu

Ka tambayi kanka: mene ne na iya bana wanda ban iya ba bara? Daɗewa a sana'a daban, ƙwarewa daban. Akwai wanda ya yi furfura a kan aiki yana maimaita kuskuren da ya fara da shi.

Ɗauki misalin albasa. Albasar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma, kuma masu noma ta suna da yawa a Madawa, Ƙonni da sauran wurare. Lokacin cira, kowa yana kai wa kasuwa, sai farashi ya faɗi. Bayan wasu watanni albasa ta yi ƙaranci, farashi ya tashi. Manomin da ya iya ajiya shi ke cin wannan riba. Ajiya kuwa ilimi ce da ke farawa tun a garka. Kada a cika wa albasa takin zamani, domin albasar da ta sha taki da yawa tana saurin ruɓewa. A tsayar da ban ruwa kwanaki kafin cira. A bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe. A ware masu rauni, sannan a jera masu kyau a rudu mai shan iska, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara lalacewa. Manomin da ya koyi wannan ya ƙaru, ko da gonarsa ba ta ƙara faɗin taki ɗaya ba.

Haka fata take. Fatar jar akuya ta Maraɗi tana da daraja wurin majema da dukawa saboda laushinta da ƙarfinta. Amma mahauci mai gaggawa yana iya huda ta da wuƙa wajen fiɗa, wanda ya shanya ta a ƙasa cikin zafin rana kuma ya ɓata ta. Akuya ɗaya ce, hannu ne ya bambanta kuɗin fatar.

Kowace sana'a tana da matakanta. Tela yana farawa da faci, ya kai ga yanka, ya kai ga aikin zare. Mai gyaran babur yana farawa da wanke ƙarfe, har ya kai inda zai ji ƙarar inji ya san ciwonsa. Ka san matakin da kake a kai, ka san wanda ke gabanka. Da koyo akan iya.

Ma'auni na biyu: karatu da lissafi

Zuwanka ajin yaƙi da jahilci yana cikin ci gaban sana'arka. Mai karatu yana duba ranar da maganin dabba zai lalace kafin ya saya. Yana karanta adadin maganin ƙwari da za a zuba a ruwa, don kada ya ƙona shuka ko ya cuci lafiyarsa. Yana karanta takarda kafin ya sa hannu. Yana duba saƙon salula da kansa idan an aiko masa kuɗi, ba sai ya nuna wa wani sirrinsa ba.

Lissafi kuma shi ke raba jari da riba. Ga misali, ke mai tuya ƙosai. Farashin da ke nan na koyon lissafi ne kawai, ki sa na kasuwarku a madadinsu:

Wake: sefa 1.500
Mai: sefa 1.200
Itacen wuta: sefa 300
Niƙa: sefa 100
Albasa, tattasai da gishiri: sefa 200
Jimla: sefa 3.300

Idan kin sayar da ƙosan duka a kan sefa 4.000, ribarki sefa 700 ce, wato dala 140. Amma idan wake da mai kaɗai kika lissafa, za ki zaci ribarki sefa 1.300 ce. Kika kashe wannan kuɗi, kin ci sefa 600 daga jarinki ba ki sani ba. Ba da daɗewa ba sai ki ga kuɗin wake sun gagara, har ki fara zargin baki ko hassada, alhali lissafi ne ya tsere. Matar da ta koyi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ta ci nasara babba tun kafin cinikinta ya ƙaru.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun nuna wannan a fili. An fara su a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a asusu, a ba mai bukata rance ta biya da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Kuɗin da ake zubawa kaɗan ne, amma abin da matan suka koya yana da yawa: riƙon lokaci, ƙidaya a gaban jama'a, shugabancin taro, da faɗin ra'ayi ba tare da tsoro ba. Wasu daga cikinsu har an zaɓe su kansiloli a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da na 2011.

Ma'auni na uku: hali da amana

Sana'a tana gyara halin mai ita ko ta ɓata shi. Ka duba kanka da gaskiya. Shin alkawarinka ya fi na bara cika? Shin tiyar da kake saye da ita, da ita kake sayarwa? Shin kana iya jin gyara daga mai saye ba tare da ka yi fushi ba?

Kowa ya san telan da ke karɓar yadi fiye da ƙarfinsa idan salla ta gabato. Yakan tara kuɗi a wannan wata, amma ranar idi akwai yaran da za su yi kuka saboda shi, kuma iyayensu ba za su manta ba. Telan da ya ce, "Ku yi haƙuri, hannuna ya cika," ya rasa kuɗin ɗinki biyar ko goma, amma ya sayi suna. Haka mai nono da ba ta ƙara ruwa, da magini da ba ya rage siminti, da mai gyara da ba ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo.

Amana jari ce ta gaske. Fataken Hausa na da, masu zuwa Gwanja sayen goro, suna tafiyar watanni da dukiyar mutane, kuma yarda ce ke riƙe da wannan fatauci. Har yau a kasuwanninmu babban ɗan kasuwa yana ba ƙarami kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Idan yau akwai wanda zai ba ka kaya a kan maganarka kawai, alhali shekara uku da suka wuce babu, ka ci gaba. Ka riƙe wannan da kyau, domin gina shi yana ɗaukar shekaru, rushe shi kuwa rana ɗaya ta isa.

Ma'auni na huɗu: waɗanda suka ƙaru da kai

Ana sanin babban maƙeri da yawan maƙeran da suka fito daga maƙerarsa. Wasu masu sana'a suna ɓoye sirrin aiki don tsoron kada yaro ya ƙwace musu ciniki. Sai su riƙe shi shekaru yana aike da share shago. Wannan asara ce ga kowa. Mai koyarwa yana ƙara fahimtar aikinsa, domin tambayar yaro takan tono abin da malami bai taɓa lura da shi ba. Kuma ranar da ido ya yi rauni ko hannu ya fara rawa, waɗanda ka yaye su ne za su tuna da kai.

Ka duba gidanka ma. Shin sana'arka ta bar maka lokacin iyalinka? Shin ƴaƴanka, maza da mata, suna zuwa makaranta, ko talla ta cinye lokacinsu? Shin aikin yana cin lafiyarka, kamar mai walda da ba ya kāre idonsa, ko mai fesa magani da ba ya rufe hanci da baki? Ribar da za ta ƙare a asibiti ba ta cika riba ba.

Darasi daga manoman Maraɗi da Ilela

Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da yawa a kudancin Nijar sun zama fili fetal. An saba a share gona ƙal kafin shuka, kuma ana ganin gonar da ke da itatuwa ta rago ce. Iska takan binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku.

Daga 1983, a jihar Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara gwada wata hanya. Kututturan sabara, kalgo da sauransu da ake sarewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Wannan shi ne ake kira sassaben zamani. Waɗanda suka fara sun sha dariya. Amma itatuwan suka kāre shuka daga iska, suka ba da itacen wuta da abincin dabbobi, ganyen gawo kuma ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta kai hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

A 1989 kuma wasu manoman Ilela ta jihar Tawa suka je yankin Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake raya ƙasar da ta mutu. Suka dawo suka kama haƙa tassa a kan fako: ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar ta gefen gangara don ta tare ruwa, a zuba takin gida a ciki. Gara takan bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Fakon da babu mai so ya koma ba da hatsi, har aka fara sayensa da kuɗi.

Lura da abin da ya faru. Gatari da fartanya na da ne, ƙasar ma ita ce. Manomin ne ya canja: ya yarda ya je ya gani, ya gwada, ya jure dariya, sannan ya nuna wa maƙwabcinsa. Amfanin gona ya biyo baya.

Abubuwan da ke tsayar da mutum

Kunya. Wasu suna jin nauyin tambayar wanda suka girma. Gemu ba ya hana ilimi, matambayi kuma ba ya ɓata.

"Haka muka gada." Gado abin girmamawa ne, amma kakanninmu ma sun koyi sababbin abubuwa a zamaninsu. Ka gwada sabuwar dabara a ƙaramin gefe na gona ko da ƙaramin jari. Idan ta yi kyau ka faɗaɗa, idan ba ta yi ba asarar kaɗan ce.

Gasar biki. Jarin da aka kwashe don suna ko aure ya fi na wani armashi ba ya dawowa da tafi.

Tsalle daga sana'a zuwa sana'a. Mai haƙa rijiya da ke canja wuri kowace rana ba zai tarar da ruwa ba. Canja sana'a yana da kyau idan an yi shi da shawara da lissafi.

Tafiya ba shiri. Cin rani tsohuwar al'ada ce, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma hanyar hamada zuwa Libiya da Aljeriya ta ci rayuka da yawa. Idan tafiya ta kama ka, ka yi shawara, kada ka sayar da abin da za ka dawo gare shi, kuma ka yi niyyar dawowa da sana'a a hannu. Kuɗin cin rani sukan ƙare kafin kaka, gini ko walda da ka koyo kuwa suna nan.

Yadda za ka auna kanka kowace shekara

Ka samu ƙaramin littafin rubutu na wannan aiki kaɗai. Ka zaɓi lokaci ɗaya a shekara, kamar bayan kaka ko bayan babbar salla.

1. Rubuta abin da ka iya bana wanda ba ka iya ba bara, kome ƙanƙantarsa.
2. Rubuta jarinka, bashin da ake bin ka, da wanda kake bi.
3. Rubuta kuskuren da ya fi yi maka ciwo, da abin da ya koya maka.
4. Tambayi mutum biyu masu faɗa maka gaskiya, ɗaya mai sayen kayanka, ɗaya na gida, inda suke ganin ka gyaru da inda ya rage.
5. Zaɓi abu ɗaya tak da za ka koya kafin baɗi. Ka faɗe shi a sarari, kamar "zan iya yanka riga ni kaɗai," ko "zan riƙa rubuta cinikina kowane dare."
6. Nemi wanda zai koya maka: gwanin garinku, malamin gona, likitan dabbobi, cibiyar koyon sana'a, ƙungiyarku, ko shirin rediyon karkara.

Idan shekara ta zagayo ka buɗe littafin. Wata shekarar za ka tarar kuɗi sun ƙaru kai ma ka ƙaru, sai ka gode wa Allah. Wata shekarar kuɗi sun ragu amma ka ƙaru, to kada ka karaya, ka shirya wa shekara mai kyau. Wadda ta fi haɗari ita ce shekarar da kuɗi suka shigo kai kuwa kana inda kake, domin abin da sa'a ta kawo tana iya komawa da shi. Arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Gyara aiki, neman sani da cika alkawari kuwa an bar maka su a hannunka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane mai sana'a ne aka fi girmamawa a garinku? Don dukiyarsa ne ko don wani abu dabam?
2. Wace dabara ce ta shigo garinku aka yi mata dariya da farko, daga baya kowa ya ɗauka?
3. Tun da ka fara karatu, wane abu ne ya canja a yadda kake tafiyar da sana'arka?
4. Lissafa jari da ribar aikinka na rana ɗaya ko na mako ɗaya, kamar yadda aka yi a misalin ƙosai.
5. Rubuta jimla ɗaya da ta fara da: "Kafin baɗi, in Allah ya yarda, zan koyi..."